Gishirin Masu Gida

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunukan kwarinmu ya sauko lafiya, Isidor ne ya kai shi ya dawo da shi, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne mai shafa fentin nan ja da fari a jikin duwatsu da kututturan itace, alamar da ke gaya wa matafiyi cewa nan ne hanya. A ƙauyenmu Larsun ba mai kiransa Isidor in ba Fada, limamin cocinmu, ba. Dori na Gidan Rafi muke ce masa, da sunan gonar kakanninsa, kamar yadda ake kiran kowa. Gajere ne, ƙafafunsa sun gwame saboda hawa da sauka, kuma ban taɓa ganin faratansa babu jan fenti ba, ko da ranar Kirsimeti ce.

Da kiwon tumakin mahaifinsa ya tashi. Da ƙarfi ya kawo sai ya shiga saran katako, har wani icce ya danne masa kafaɗa ya bar shi da hannun da ba ya ɗagawa sama da kunne. Shekarar da aka mayar da tsaunukan gandun kare namun daji, mazan ƙauye suka duƙufa a mashaya suna zagi, an hana farauta, an hana saran itace. Dori ne kaɗai ya wanke fuska ya je ya nemi aiki. Ba wai yana ƙaunar mutanen ofis ba ne, don har gobe yana cewa ba su san gaban akuya da bayanta ba. Saboda awakin dutse ya je, waɗanda muke kira gams, masu ƙahon nan kamar ƙugiya.

Son da yake yi musu ya wuce hankali. Ya san garken da ke kwana a gefen rana, wato ɓangaren tsaunin da rana ke haskawa, ya san wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari. Akwai wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho ɗaya da ke jan garke, ya sa mata suna Gwaggo. In ya gama fentin yini sai ya zauna a kan tudun da ke fuskantarsu, ya ciro busasshen nama da burodi, ya kafa madubin hangen nesa a ido har rana ta karkata. Burinsa a duniya bai wuce wata rana su saba da shi har ɗaya ta tako kusa ba. Ba su taɓa yi ba, amma bai fid da rai ba.

Matarsa Burgi ta gaji da magana. "Da ni ce na karya ƙaho, sai a kwana a wuni ba ka lura ba," in ji ta.

"Ke ai naki biyun suna nan lafiya lau, kullum ina shan tunkuyinsu."

Akwai abu ɗaya da Dori ke yi wanda ba ya cikin aikinsa. Kowace shekara ranar Sarakuna Uku, bikin coci na farkon Janairu, in an kai gishiri coci Fada ya sa masa albarka, kowane gida na ajiye nasa don a ba shanu su lasa kafin a hau da su makiyayar sama. Gidan Rafi kuwa kantu biyu suke kaiwa. Ɗaya na dabbobin gida, ɗaya na waɗanda mahaifin Dori ke kira masu gida. Tun Dori na ƙarami tsohon ke saɓa kantun a baya in ƙanƙara ta narke, su bi wata siririyar hanya ta bayan tsauni har wani faffaɗan dutse da ke bakin gangare, mai rami a tsakiya. Turmi suke ce masa.

"Mu baƙi ne a nan sama, Dori," in ji tsohon. "Da sanyi ya kawo kai mun gudu. Su ne masu gida. Kai ma ai ba ka shiga gidan mutane hannu rabbana, ko?"

Tsohon ya mutu, Dori ya ci gaba. Da hukumar gandu ta hana ajiye wa namun daji gishiri, sai ya yi kunnen uwar shegu, ya ce wannan dokar ta mafarauta ce masu yi wa dabba tarko, shi kuwa kyauta yake kaiwa. Tunda shi ne mai fenti, ɓoye wurin bai yi masa wuya ba. Ya bi tsofaffin alamun hanyar Turmi ya shafe su da fenti ruwan toka, ya jawo wani mataccen icce ya gindaya a mararraba. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya ajiye kantun ya juyo ba tare da ya waiwaya ba, don kada ya dame su. Daga tudun da yake zama ba a hango Turmi, kuma hakan ya fi masa daɗi. Burgi ta sani. 'Yarsu Vroni ma ta sani, don ya taɓa goya ta zuwa can tana ƙarama. Ban da su ba kowa.

Sai keke ya zo. Da farko samari ne 'yan ƙalilan, suna turawa suna haki, Dori yana yi musu dariya don ya san tsauni zai yi maganinsu. Da aka kawo mai batir sai dariya ta ƙare. Akawu mai tumbi, wanda da ko tudun coci ba ya hawa sai ya tsaya ya huta, ga shi can a bakin ƙanƙara yana ɗaukar kansa hoto. Abin da ya fi yi wa Dori ciwo, Vroni ce ta share tsohuwar bargar shanunsu ta cika ta da kekunan haya, ita ce kuma ke jan baƙi zuwa sama kowace safiya.

"Baba, mai ƙafa da mai taya duk hanya ɗaya suke bi," in ji ta. "Hanyar da kai ka shafa wa fenti."

"Mai ƙafa yana gaisuwa. Naku kuwa sai dai ka ji iska ta wuce ka da ƙamshin man shafawa."

"To zan ce su riƙa cire hular kwano suna rusuna maka."

"Ki ce su zauna a gida, ya fi sauƙi."

Haka suke kullum a kan abinci, Burgi tana tsakiya tana zuba romo. Faɗa ne na uba da 'ya, ba ya kai wa zuci. Sai bazarar da ta wuce waccan.

Zafi aka yi a shekarar irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba, har ƙudaje suka hau inda da ba sa zuwa. Wata safiya Dori na gyaran hanya a gindin babban gangaren da hanyar kekuna ke bi ta samansa, sai ya ga hankaki sun taru. Ya matsa. Akuyar dutse ce, matashiya mai ƙiba, ta karye a wurare da yawa, hankakin sun riga sun cinye idanun. Gams ba ta faɗowa daga dutse. Dabbar da ke tsayawa a kan abin da bai kai faɗin tafin hannu ba tana sosa kunne da ƙafar baya, ta yaya za ta faɗo da rana tsaka, babu ƙanƙara, babu hadari?

Kafin mako ya zagayo ya tsinci wata. Sai wata kuma, da ɗanta tsaye a gefe yana kuka, bai ma gudu ba da ya ga mutum. Dori ya ɗaga kai, can sama ga 'yan keke suna wucewa a jere da riguna masu ƙyalli, ana jin ihunsu. Shi ke nan, shari'a ta ƙare a zuciyarsa. Ya saɓa gawar a kafaɗarsa mai lafiya, ya sauko da ita har tsakiyar ƙauye, ya shimfiɗe ta a ƙofar shagon Vroni a gaban baƙi. Wata mata ta fasa ihu ta saki kekenta.

"Ga aikinku," ya ce. "Ku ɗauke ta hoto ita ma."

Vroni ta fito da sufana a hannu, ta dubi dabbar, fuskarta ta yi fari. "Baba, ba mu taɓa kusantarsu ba. Na rantse maka."

"Sai kun kusance su? Ku ɓullo daga kwana kamar aljanu, ta firgita, ina za ta sa ƙafa?"

Daga ranar ta daina zuwa cin abinci gida. Dori kuwa ya bi gida-gida, har da waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da shi, yana cewa a hana keke hawa sama gaba ɗaya. Mutane da yawa suka goya masa baya, wasu don dabbobin, wasu don dama haushin baƙi suke ji. Aka sa taro ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a ɗakin 'yan kwana-kwana.

Ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Dori ya yi magana da kyau, ban taɓa jin ya haɗa kalmomi da yawa haka ba, aka yi masa tafi. Vroni na can baya jingine da bango, ta harɗe hannu. Sai shugaban ƙauye ya ce likitar dabbobin gandu na da abin faɗa. Dakta Pixner ke nan, doguwar mace mara son surutu. Ta miƙe ba ta ko gyara murya ba.

"Ba firgita suka yi ba," ta ce. "Makancewa suka yi."

Ta ce ta samu ɗaya da hankaki ba su riga ta ba, idanun sun yi fari fat kamar dafaffen ƙwai. Ciwon ido ne, ya fara da hawaye, ya ƙare da makanta, dabba ta yi ta zagaye wuri ɗaya har ƙafarta ta taka inda babu ƙasa. A jikin tumaki ciwon yake zaune, su ba ya yi musu wani abin kirki. Ƙudaje ne ke ɗauka daga wannan ido su kai wancan.

Wani mai tumaki ya taso mata. "Mu za ki ɗora wa? Tumakinmu na can sama tun kafin a haifi kakarki!"

"Da makiyayi a bayansu," in ji ta. "Yanzu wa ke binsu? Kun sake su, sai ƙarshen mako ku leƙa da mota. Amma ba wannan ba ne. Ƙuda ba ya tafiya mai nisa da ciwon. Sai tunkiya da gams sun haɗa kai, goshi da goshi, kuma ba sa yin haka don zumunci. Abu ɗaya na sani da ke tara su wuri guda."

"Mene ne?"

"Gishiri. Akwai inda wani ke ajiye gishiri a tsaunin nan. Mun duba ko'ina da ke kan hanya, ba mu gani ba."

Dori ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa suka ɗau ƙara, bai ƙara jin abin da ake faɗa ba. Burgi da ke kusa da shi ta damƙi gwiwarsa ta matse. Bai so ya waiwaya ba, amma wuyansa ya juya da kansa. Daga can jikin bango Vroni na kallonsa, bakinta a ɗan buɗe. Da ta yi magana ma da ya fi masa sauƙi.

A gida Burgi ta ajiye masa curin burodi a romo, abincin da ya fi so, ya zauna yana kallonsa har mai ya daskare a sama.

"Ƙarya ce," ya ce daga ƙarshe. "Tunkiya ba ta kai wa Turmi. Ta ina za ta bi?"

"Yaushe rabonka da ganin wurin a tsakiyar bazara?"

Can ya ce, "Gishirin da Fada ya sa wa albarka? Shi zai makantar da dabba?"

"Gishiri Fada ya sa wa albarka, Dori. Bai sa wa ƙudaje ba."

"Ke ma kin koma bayansu ke nan."

"Ni ba na bayan kowa, tsoho. Amma tun a ɗakin nan nake tuna wani abu. Shekarar da aka yi mana baiko, ba a yi ta tsintarsu a gindin gangaren nan ba? Mahaifinka ya ce tsawa ce ke firgita su. Shekarar ce kuma ya karya ƙafa, tumakinku suka yi wata guda babu mai binsu."

Dori ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya tuna. Shi ne ma ya taya tsohon binne su, tsohon na dogara sanda yana hawaye yana tsine wa tsawa. Ya ture kwanon ya fita, ya yi ta kai da kawowa a bayan gida har Burgi ta daina leƙensa ta taga.

Washegari da sassafe ya kama hanya, ba fenti, ba abinci, sai sanda. Ya tsallake mataccen iccen da ya gindaya da hannunsa, ya bi alamun da shi kaɗai ke iya ganinsu a ƙarƙashin ruwan toka. Yana tafe yana addu'a, yana ce wa Ubangiji in dai ya tarar da wurin shiru, zai je ya ba likitar haƙuri duk da haka. Tun kafin ya sha kwanar ƙarshe hancinsa ya ba shi labari. Wanda ya tashi a cikin tumaki ba ya ɓata warin kashinsu. Sai kuma ya ji ƙararrawa.

Ya leƙa ta bayan dutse. Tumaki ne cike da wurin, sun tattake ciyawar ta zama taɓo. A bakin Turmi wani rago mai jiƙaƙƙun idanu yana lasar abin da ya rage na kantun, kafaɗa da kafaɗa da 'yan awakin dutse, suna ture juna kamar 'yan gida ɗaya. Ƙudaje sun yi baƙi a fuskokinsu, su tashi daga wannan su sauka a kan waccan. Gefe guda kuma ga Gwaggo. Ta rame, hawaye ya bushe ya yi mata layi biyu har muƙamuƙi. Ta ɗago kai ta fuskanci inda yake, kusa ƙwarai, kusancin da ya yi rayuwarsa yana roƙo. Idanunta fari fat. Ƙamshin gishiri ne ya kawo ta, ba ta ma san yana wurin ba.

Abin da ya yi daga nan bai yi shawara da kansa ba. Wani abu ne ya taso masa daga ciki, ya daka tsawar nan ta makiyaya da ke tsaga kwari, ya wurga sandarsa kan ragon. Tumaki suka watse, ƙararrawa na ta kaɗawa. Awakin da ke gani suka haye sama cikin ƙiftawar ido. Gwaggo ta zabura, ta juya sau ɗaya a inda take, ta sake juyawa tana neman garkenta da kunne. Sai ta zuba da gudu, da dukkan ƙarfinta, ta nufi inda babu komai sai iska.

"Tsaya!" in ji Dori, kamar da mutum yake.

Ba ta yi kuka ba. An daɗe shiru, sannan ya ji tsakuwa na gangarawa can ƙasa.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Hannu ya ji a kafaɗarsa. Vroni ce, da hular kwano a kanta, tana haki. Ta biyo shi da keke har mararraba, ta ƙarasa da ƙafa, kuma daga fuskarta ya gane ta ga komai.

"Baba, zauna. Matso daga bakin nan, don Allah."

Ya zauna a kan taɓon kamar yaro. "Babu keke a nan, Vroni."

"Babu."

"Ko ɗaya babu. Ni ne."

Ta durƙusa ta rungume kansa, hularta na bugun kunnensa. Rabon da ya yi kuka tun ranar binne mahaifinsa, amma ranar ya yi har ya gode wa Allah. Da ya natsu ya miƙe ya ɗauki guntun kantun ya sa a cikin rigarsa, suka sauko tare. Bai biya ta gida ba. Kai tsaye ya wuce ofishin gandu ya dire gishirin a kan teburin Dakta Pixner.

"Ga abin da kike nema. Zo in nuna miki wurin."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma ya so a ce ta yi. Da suka hau tare ta zagaya Turmi a hankali, ta ga yadda harsuna suka sulɓe dutsen ya yi santsi, ta ga ramukan da dabbobi suka tona a ƙasa suna cin turɓaya. Ta dangwali jikin dutsen nesa da ramin ta kai bakinta, ta yamutsa fuska.

"Tun yaushe?"

"Tun mahaifina na saurayi."

"To ɗauke kantu ba zai yi komai ba, Dori. Ruwan sama ya narkar da shi shekara da shekaru, ya shiga dutsen, ya shiga ƙasar. Ni da kai za mu mutu, wurin nan bai daina kiransu ba."

"A sa shinge."

"Zaftarewar ƙanƙara ta farko za ta kwashe shi."

"A fasa dutsen!"

"Mu fasa rabin tsauni? Ƙasar fa?" Ta girgiza kai. "Bana dai za a sauko da tumaki, a rufe saman nan ga kowa, mai ƙafa da mai keke. Waɗanda ciwon bai ci idonsu duka ba suna iya warkewa in an bar su shiru. Amma baɗi tumaki za su dawo, su ma za su dawo. Dabara ɗaya nake gani. Gams ba ta zama inda mutane ke wucewa kullum."

Dori ya gane abin da take nufi tun kafin ta rufe baki. Ya kau da kai ya dubi gangaren.

Aka rufe saman tsaunin a makon. Labarin gishirin bai riga ya fita ba, don likitar ba mai surutu ba ce, saboda haka ranar Lahadi da Dori ya shiga mashaya mazan suka tashi suna bubbuga masa baya. Wani ya tura masa kofi. "Dori na Gidan Rafi! Ka kori 'yan taya, namiji!" Ya tsaya da kofin a hannu, ya ji in ya kai shi baki zai shaƙe shi. Ya ajiye, ya gaya musu komai a tsaye, har da tsawar da ya daka da inda Gwaggo ta nufa. Wani ya ce, "Kai, Dori, kai fa?" Hukumar gandu ta kira shi ta yi masa wankin babban bargo, amma ta bar masa gwangwanin fentinsa, don ba wanda ya san hanyoyin kamarsa.

Kaka ta zo, aka daina tsintar gawa. Garken gefen rana ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba. Vroni ta dawo cin abinci gida duk da bazarar ta tafi mata a banza, kuma ba ta taɓa goranta masa ba. Shi ne ma ya daina tsokanarta, har Burgi ta ce gidan ya yi mata shiru da yawa. Ranar Sarakuna Uku suka tafi coci da kantu ɗaya. Fada ya dubi kwandon, ya dubi Dori, ya yayyafa ruwansa ya wuce.

Da ƙanƙara ta narke Dori ya ɗauki zarto ya yanka mataccen iccen mararraba, ya ture shi gefe. Ya bi hanyar dutse bayan dutse yana kankare ruwan tokar da ya shafa da kansa, yana mayar da ja da fari. Inda ta yi siriri ya faɗaɗa ta da diga yadda taya za ta wuce. Alama ta ƙarshe a jikin Turmi ya yi ta, babba, wadda ko mai gudu ba zai kasa gani ba. Jan ya ɗan zubo cikin farin, abin da bai taɓa faruwa da shi ba.

Yana rufe gwangwani ya ji motsi a sama. Wata 'yar akuyar dutse ce a kan tsauni, idanunta baƙi wuluk, lafiya lau. Ta miƙo wuya tana shinshina iska. Ta tako ƙasa kaɗan, ta tsaya, ta sake takowa. Ta gan shi sarai, kuma ba ta fasa ba.

Daidai nan Vroni ta ɓullo daga kwana da baƙinta na farko. Da alama ta ba su labarinsa a hanya, don duk sun sauka suna tura kekunan a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu shiga coci. Wani mai tumbi har ya cire hular kwano ya gaishe shi.

"Me ye haka?" in ji Dori. "Jana'iza kuka zo? Vroni, kekunan naki ba su da ƙararrawa ne?"

"Baba, ga ta can fa. Ba ka gan ta ba?"

"Na gan ta. Ku kaɗa."

Suka dubi juna. Vroni ta fara, sauran suka bi, wani ya ƙara da ihu, aka fashe da dariya. 'Yar akuyar ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu, ta ɓace a bayan tsauni. Dori ya bi wurin da ido har bayan ba abin gani. Sannan ya sunkuya ya ɗauki gwangwaninsa da burushi.

"Gobe ma ki kawo su," ya ce da 'yarsa, bai dube ta ba. "Ki samo waɗanda suka fi waɗannan surutu."